Wayar da ke tsakanin falwaya da bangon gidana

Talata, da dare.

Na tashi yau cikin farin ciki, domin ruwan da aka yi jiya da daddare shi ne na farko mai ƙarfi a bana, ya kwantar da ƙurar da ta dame mu, kuma duk da iskar da ta riga shi zuwa ba a ɗauke wuta ba. Da na dawo daga masallaci na tarar Maman Hafsat ta riga ta jona butar shayi, yara suna shirin makaranta ba tare da kowa ya nemi tocila ba, har na ce mata yau dai Allah Ya yi mana gyaɗar dogo.

Ban rufe baki ba sai na ga ƙwan falo ya yi wani irin haske mai kashe ido, fankar sama tana gudu kamar za ta ciro kanta, alhali na ɗakin yara ya koma ja kamar garwashi. Kafin in gane abin da ke faruwa, warin ƙonewar roba ya taso daga bayan talabijin, sannan Hafsat ta ƙwalla ƙara a kicin, ta ce firji ya ja ta. Na ruga na sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya. Alhamdu lillahi ba ta ji ciwo ba, amma ta daɗe tana riƙe da hannunta a ƙirji, kuma wannan hoton ne ya ƙi barin idona har zuwa wannan lokaci da nake rubutu.

Malam Sabo, mai yi mana gyaran wuta, ya iso kafin ƙarfe takwas da jakarsa ta kayan aiki. Ya sa aka cire komai daga soket, ya bar ƙwai biyu kawai, ya mayar da wuta, ya ɗora na'urar awo. Wutar gida a ƙasar nan folt 230 ce, amma layi ɗaya ya nuna masa sama da 300, wani kuma bai kai 150 ba. Ya buɗe akwatin fiyus ya duba, ya bi wayoyin da suka fito daga mita, bai ga komai ba. Daga nan ya fita ƙofar gida, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon falwaya, sannan ya nuna mini da yatsa. Wayoyi huɗu ne suka taso daga can zuwa bangona, uku masu ɗauke da wuta, ta huɗun ita ce nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Ita ce iskar jiya ta girgiza har ta saki, tana lilo a kan zare biyu ko uku da suka yi baƙi. Ya bayyana mini cewa a gida mai layi uku, idan nutural ta saki, wutar ba ta rabuwa daidai, ɓangaren da ke da kaya kaɗan shi yake shan mafi yawa, har yana iya kusantar folt 400 da ke tsakanin layi da layi. Abin da ya cinye mana talabijin da cajojin waya biyu ke nan.

Na ce masa, "To Malam, ga tsani a gidan Alhaji, a ɗauko ka hau ka ɗaure mana ita." Ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, daga mita zuwa cikin gida, duk abin da kuka ce zan yi. Daga mita zuwa sama kuwa ba hurumina ba ne, na masu wuta ne. In na hau aka gan ni, ni da ɓarawon waya hukuncinmu ɗaya, in kuma na faɗo babu wanda zai ce ya san ni." Ban ji daɗin amsar ba a lokacin, amma na san gaskiya ya faɗa, domin dokar lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci ga wanda ya taɓa mita ko layin kamfani ba da izini ba.

Na nemi uzuri a wajen aiki, na tafi ofishinsu na shigar da ƙorafi, aka rubuta a littafi, aka ce in koma gida in jira.

Sai bayan azahar suka zo, su uku, da tsani a bayan mota. Babbansu dattijo ne mai furfura, kuma ya gaishe ni da mutunci. Ya hau, ya duba, ya sauko riƙe da guntuwar wayar a hannu. Na karɓa na duba da kyau: alminiyon ce, ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, tana marmashewa tsakanin yatsu. Ashe tun farko murɗa ta aka yi da hannu a kan layin, ba a sa mata maƙalin da ake ɗaurewa da kusa ba, sannan a wajen bango an haɗa ta kai tsaye da jan ƙarfe, su kuwa waɗannan biyun idan suka haɗu da danshi sai ɗaya ya riƙa cin ɗaya. Ya ce wayar ta gama aiki tun daga sama har ƙasa, ɗauri ba zai riƙe ta ba, sai an canja. Sannan ya ce, "Alhaji, sai ku aika a sayo sabuwa, mu ɗaura muku kafin la'asar."

Na tambaye shi, "Baba, wayar nan ta wane ne?"

Ya ce, "Lokacin da kuka gina gida, wa ya sayo ta?"

Na ce ni ne. Ya buɗe hannuwa ya ce to ai magana ta ƙare. Na ce ba ta ƙare ba, domin da safe na nemi mai gyarana ya hau ya taɓa wannan waya da ake cewa tawa ce, ya ƙi, ya ce taku ce. Idan tawa ce, me ya sa ba ni da ikon sa wanda na yarda da shi ya gyara? Idan taku ce, me ya sa ni zan shiga kasuwa? Kuma kayan da suka ƙone saboda ɗaurin da ba ni na yi ba, wa zan kai wa kuka? Na ji muryata ta fara tashi, yaran unguwa sun fara taruwa, sai na sassauta.

Dattijon bai yi fushi ba. Ya ce shi ma'aikaci ne, an turo shi da tsani da filaya, ba a ba shi ko taku ɗaya na waya ba. Ya ce idan na ga dama in koma ofis in rubuta takarda, hakkina ne, shi ba zai hana ni ba, amma zai yanke layin gaba ɗaya kafin ya tafi, domin ba zai bar gida mai yara da nutural a sake ba, kuma ba zai iya ce mini ga ranar da za a dawo ba. Ya faɗi haka ne yana kallon ƙasa. Na fahimci cewa shi ma an tura shi gaba ne ya sha zafin da ba shi ya hura ba, kuma wannan ya ƙara ɓata mini rai maimakon ya rage, domin babu wanda zan riƙe.

Abin da na sani tabbas shi ne, hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta sha nanatawa cewa ba aikin mai amfani da wuta ba ne, ba kuma na jama'ar unguwa ba, su sayi taransifoma ko falwaya ko makamantansu, ko su gyara su. Na san kuma tsarin ƙorafi: a fara da sashen sauraron abokan ciniki na kamfani, idan ba a gamsu ba a je zauren sasanci na hukumar, daga nan sai hukumar kanta. Duk wannan yana nan a rubuce. Tun da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa a 2013, abin da aka gaya mana shi ne kuɗin da muke biya ya ƙunshi kula da layi. Amma mutumin da ke tsaye a rana, da naman miya a firjin da ba ya aiki da yarinyar da wuta ta ja da safe, ba shi da sararin jiran takarda ta zagaya ofisoshi. Sun san haka, mu ma mun sani.

Na ba Malam Sabo kuɗi ya hau babur zuwa kasuwar Fanteka. Na roƙe shi ya zaɓo mai kauri, kada ya bari a ba shi irin wadda robarta ta fi ƙarfenta yawa, kuma ya haɗo da maƙalan ɗauri na gaske, sannan ya karɓo rasit.

Kafin magariba wuta ta dawo daidai, awo ya nuna layukan uku sun yi kusa da juna. Yara suka yi ta murna. Ni dai ban iya taya su ba, saboda abin da ya biyo baya.

Bayan motar ta tafi, Malam Sabo ya ce akwai sauran magana, kuma wannan ba ta kan falwaya. Ya ce ko da nutural ta saki, da wayar ƙasa ta gidan tana da ƙarfi, da jan da firji ya yi wa yarinyar bai kai haka ba. Ya kai ni bayan kicin, inda aka kafa sandar ƙarfen tun lokacin gini, ya tona da fartanya. Wayar mai launin kore da rawaya ta rabu da sandar, tsatsa ta cinye mahaɗin, ita sandar ma ashe ƙarfe ne aka yi wa fentin jan ƙarfe. Shekara tara muna cikin gidan nan, ban taɓa tambayar inda take ba. Ya tambaye ni ko akwai na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta zubo a jikin kaya, na ce ban sani ba, ya duba akwatin ya ce babu. Ya tambaye ni ko an gwada wayarin gidan an ba ni takardar shaida kafin a jona mini wuta, kamar yadda hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin lantarki take buƙata, nan ma na yi shiru. Na tuna lokacin ginin, kuɗi sun ƙare, ina gaggawar mu bar gidan haya, kuma duk abin da ba ya fitowa a ido shi na riƙa ragewa.

Wannan ɓangaren babu gardama a kansa. Daga mita zuwa ciki nawa ne, kuma na yini ina tuhumar wasu kan taku ashirin na waya alhali nawa rabon yana ruɓewa a ƙarƙashin ƙasa, kusa da inda 'yata take tsayawa kullum ta ɗauki ruwan sanyi. Wannan bai wanke su ba ko kaɗan, har yanzu ina ganin an zalunce ni a kuɗin wayar da kuma talabijin. Amma na fi jin nauyin nawa sakacin a ƙirjina.

Bayan isha'i maƙwabcina Alhaji ya leƙo jaje, ya kuma shaida mini cewa falwayar kan kwana ta karkata da iskar jiya, kuma ana shirin zagayawa da takarda gida-gida don a tara kuɗin sabuwa. Na gaya masa abin da hukuma ta ce. Ya ce ya sani, amma idan ta faɗo kan yaran Islamiyya fa? Ban sami abin da zan ce masa ba, na dai roƙe shi kafin a fara karɓar kuɗi mu rubuta takarda ɗaya da sa hannun kowa, mu kai, mu riƙe kwafi mai hatimi.

Malam Sabo zai dawo ranar Asabar da sandar jan ƙarfe ta gaske da na'urar yanke wutar. Rasit ɗin wayar yana cikin aljihun rigata, gobe zan haɗa shi da hoton guntuwar da ta ƙone in rubuta ƙorafina. Maman Hafsat ta ce a bar firjin a cire har Asabar, na ce haka za a yi. Ɗazu Hafsat ta zo ta tsaya a bakin ƙofar kicin da kofi a hannu, ba ta shiga ba, sai da na tashi na zubo mata ruwan daga randa.