Godiya bayan kwana 42 a gadon asibiti

Alhamdu lillahi. Jiya da la'asar aka sallamo ƙanena, bayan mako 6 ana ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Shi da kansa ya ce in faɗi abin da ya kwantar da shi, don dangi da yawa sun ɗauka sikilarsa ce ta tashi kamar kullum.

Sikilar ce mafari, amma ba ita ta kayar da shi ba. Da can idan ciwon ƙashi ya taso, a asibiti ake yi masa allurar pentazocine, wadda aka fi sani da fenta. A hankali jiki ya saba. Ya koma saye a wani kemis ba takardar likita, yana yi wa kansa a ɗaki. Muna ganinsa da riga mai dogon hannu ko a zafin Afrilu, ba mu kawo komai a rai ba. Ranar da nas ta naɗe hannun rigar za ta sa masa kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya don ɗura magani, fatar ta yi tauri kamar ice, ga gyambo biyu, jijiya kuwa an neme ta an rasa, sai a wuya aka samu.

Godiyata ta farko ga Anti nas, maƙwabciyarmu. Daren da zazzaɓi ya rufe shi, na kai mata sirinji da 'yar kwalbar allurar, ina roƙo. Ta ce ba ta yin allurar jijiya a gida, balle wadda likita bai rubuta ba, mu tashi mu tafi asibiti. Na gaya mata maganar da ba ta dace ba. Ba ta tanka ba, ta sa hijabinta ta biyo mu. Anti, ki yafe mini.

Sai likitan da ya karɓe mu. A bayan wata takarda ya zana mana zuciya, ya nuna yadda ƙwayoyin cutar da ke kan fata suka bi allura suka shiga jini, suka je suka maƙale a ƙyauren zuciya. Kafin gwajin ƙanjamau da ciwon hanta na B da C, waɗanda ake ɗauka ta allurar da wani ya yi amfani da ita, sai da ya fitar da mu waje ya nemi yardar mai jikin. Har Mama bai gaya wa sakamako ba, sai da yaron ya ce a faɗa. A lokacin haushi na ji, ni da nake biyan kuɗi! Sakamakon dai ya fito lafiya. Kuma ko sau ɗaya bai kira shi ɗan ƙwaya ba, bai bar shi da raɗaɗi don horo ba, ya canza masa magani yana ragewa da lissafi.

Abokansa uku masu jinin AA da suka ba da jini, da jama'ar masallacin layinmu da suka haɗa gudummawa, da Gwaggo da ta kwana 20 a kan tabarma tana jinya, Allah ya saka muku da Aljanna. Mai kemis kuwa, mun kai ƙararsa inda ya dace.

Da sauran aiki. Zai ci gaba da ganin likitan ƙwaƙwalwa saboda sabon da jikinsa ya yi, ana kuma wanke gyambon kullum da safe. Mai son dubiya ya zo bayan la'asar, kuma don Allah a bar faɗan, ya sha isasshe daga wurina.