Lambar da ke bin sunan darma, caji take nunawa

Ƙannena da ke shirin jarrabawar shahadar sakandare, daga Mai Wurno har Gadarif a Sudan, ga abin da ya ci mini maki a darasin sinadarai, kada ku ma ya ci muku.

Darma, mai alamar Pb, caji biyu gare ta: wani lokaci 2+, wani lokaci 4+. Shi ya sa ake bin sunanta da II ko IV. Ni kuwa na ɗauka lambar tana faɗin yawan ƙwayoyin darma ne, har na rubuta Pb₂O a matsayin oksid na darma II, wato haɗin darma II da oksijin. Ashe caji take nufi. Oksijin 2− ne, darma II kuma 2+, ɗaya-ɗaya sun daidaita, amsa PbO ke nan. Abin da ake nema kullum shi ne jimillar caji ta koma sifili. Kulorin 1− ne kawai, sai an kawo biyu: PbCl₂.

Dabarar nan ta musanya lambobi da muke haddacewa, inda lambar cajin wannan ke zama yawan ƙwayoyin wancan, tana da amfani, amma ba ta ƙarasa aikin. A oksid na darma IV za ta ba ka Pb₂O₄, dole ka raba da biyu ya zama PbO₂. Naitiret kuma, NO₃ mai caji 1−, dunƙule guda ne, a sa shi cikin baka: Pb(NO₃)₂. In ka manta bakan, ka rubuta oksijin 32 ba ka sani ba.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman, mu masu karatu da Larabci. Sunan yakan fara da oksid kafin darma, hannu kuma ya saba tashi daga dama. Ita fomula daga hagu ake rubuta ta, kuma ƙarfe ne a gaba.

Ban riƙe abin da kyau ba sai da na haɗa shi da abin da ido ke gani. Ku leƙa wurin mai gyaran batirin mota a kasuwa. Faranti mai duhun ruwan ƙasa PbO₂ ne, farin abin da ke manne wa faranti idan batir ya mutu kuma PbSO₄. Dutsen tozalin nan mai ƙyalli da ake niƙawa, galibi PbS ne. Ku duba da ido kawai, kada ku taɓa, domin darma guba ce, ta fi kuma yi wa ƙananan yara illa.