Wasiƙa daga Kanada: Tartsatsin da Laimar Legas ke Ɓoye Mana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga iyayena, yayyena da ƙannena mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12, musamman direbobin tanka da yaransu da ke kwana a layin lodi a Apapa. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku baki ɗaya.

Ina rubuto muku ne daga birnin Edmonton na ƙasar Kanada, inda a tsakiyar hunturu sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili ko fiye, shi ya sa ake ɗumama ɗakuna dare da rana har iskar cikinsu ta bushe ƙayau. A irin wannan yanayi, duk wanda ya taka kafet ya kai hannu ga mariƙin ƙofa na ƙarfe yakan ji kamar an tsire shi da allura, idan kuwa cikin duhu ne har ya ga ɗan shuɗin tartsatsi ya fita daga yatsansa. Yaro ƙarami a nan ya san wannan abu, amma a Legas mutum zai iya girma ya tsufa bai gamu da shi ba. Wannan rashin sani shi ne ya sa na rubuto, domin da yawa daga cikinmu abincinsu a jikin fetur yake, kuma irin wannan tartsatsi na lantarki yana iya kunna wa fetur wuta.

Kowane abu da muke taɓawa, ƙarfe ne ko roba ko fatar jikinmu, haɗuwar ƙananan ƙwayoyin zarra ne. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai furoton mai ɗauke da cajin ƙari, a kewayenta kuma akwai elektiron mai ɗauke da cajin ragi, kuma muddin adadinsu ya zo daidai, abin yana zaune lafiya, ba ya jan komai, ba ya tura komai. Furoton ba ya barin wurinsa, amma elektiron na waje-waje yana iya ƙaura. Idan abubuwa biyu mabambanta suka manne sannan suka rabu, ɗaya yakan tafi da wasu elektiron na ɗayan, wanda ya karɓa ya zama mai cajin ragi, wanda aka rage wa kuma ya zama mai cajin ƙari. Gogawa ba ta ƙirƙirar caji, tana dai yawaita wuraren da fuskokin biyu ke haɗuwa su rabu. Gilashi, gashin mutum, ulu da nailan sun fi saurin bayarwa, yadin foliyesta da ledar roba kuma sun fi saurin karɓa. Da yake roba ba ta barin lantarki ya bi ta cikinta, cajin sai ya kwanta inda ya sauka yana jiran hanya, kuma shi ake kira lantarki mai kwanciya.

Sanin wannan ya daɗe. Ana danganta wa Thales, masanin Girka na wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lura da cewa daskararren ƙaron itace idan an goga shi yana jan ƙananan abubuwa marasa nauyi. A 1733 Bafaranshe Charles du Fay ya nuna cewa cajin iri biyu ne, masu kama da juna suna ture juna, mabambanta kuma suna jan juna. Shi kansa elektiron sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi a Ingila.

Ban da gogayya, caji yana wucewa ta hanyar taɓawa kai tsaye, wato idan abu mai caji ya haɗu da ƙarfe ko jikin mutum. Akwai kuma hanyar da ta fi ba ni mamaki, wadda ba ta buƙatar taɓawa ko kaɗan. Idan aka kusanto da abu mai cajin ragi kusa da ƙarfe, elektiron ɗin ƙarfen za su gudu zuwa can ɗaya gefen, su bar gefen da ke kusa da cajin ƙari. Makamancin haka ne ke sa matajin roba da aka goga a gashi ya ɗauki gutsattsarin takarda. Haka ma tsawa take: ƙanƙara tana karo da juna a cikin hadari har gindin girgije ya tara cajin ragi, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta koma mai cajin ƙari, sannan iskar da ke tsakani ta gaza riƙe su. Busasshiyar iska tana fashewa ne idan ƙarfin lantarkin, wanda ake aunawa da bolt, ya kai wajen bolt 3,000 a kowace milimita, don haka tartsatsin yatsa da walƙiyar damina asalinsu ɗaya.

Wani zai tambaya, yaya mutum zai ɗauki bolt dubbai a jikinsa bai mutu ba, alhali bolt 230 na soket yana kisa? Amsar tana cikin yawan cajin da tsawon lokacin da yake gudana. Ɗigon ruwa ɗaya da ya faɗo daga saman dogon bene ba zai kayar da kowa ba, amma ruwan kwata da ke gudu ba yankewa yana iya tafiya da mutum. Tartsatsin jiki yana ƙarewa cikin ƙasa da ƙiftawar ido, wutar soket kuwa ba ta tsayawa.

Abin da ya ɓoye mana wannan al'amari a Legas shi ne laimar teku. Idan iska na da danshi, wani siririn ruwa da ido ba ya gani yakan lulluɓe tufafi da kujeru da daɓe, caji ya riƙa zurarewa ta cikinsa tun kafin ya taru. Gwaje-gwajen masana'antar kayan lantarki sun nuna cewa tafiya a kan kafet tana iya tara bolt 35,000 a busasshiyar iska, amma wajen 1,500 kawai idan akwai laima sosai, kuma mutum ba ya fara jin tsirar sai ta kai kimanin 3,000. Waɗanda suka taso a Kano ko Sakkwato sun san ƙarar ƙyas-ƙyas da bargo ke yi da daren hunturu. A Legas ma, idan hazo ya sauko a Disamba da Janairu, ko a ɗakin da na'urar sanyaya iska ta daɗe tana aiki, kariyar tana raguwa.

Yanzu ga inda hankalina ya fi tashi. Tururin fetur yana kama wuta idan ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iska, kuma ƙarfin da yake buƙata domin ya tashi ƙanƙane ne ƙwarai, har tartsatsin da bai wuce ya sa mutum ya janye hannu ba ya ishe shi. Sannan shi kansa man, fetur ko kananzir ko gas (wato dizal), ba ya barin lantarki ya bi ta cikinsa da sauƙi, saboda haka duk lokacin da yake gudu a cikin bututu ko tiyo ko abin tace mai, yana tara caji yana shiga da shi cikin tanki. Wannan yana faruwa a cikin bututun ne, inda laimar Apapa ba ta da wani tasiri. Saboda haka, yayyena direbobi, wayar ƙasa da ake maƙala wa tanka a defo domin caji ya zurare zuwa cikin ƙasa ba bin ƙa'ida ce ta ganin ido ba. Ita ya kamata a fara maƙalawa a jikin tsirarar ƙarfe, ba kan fenti ko tsatsa ba, kafin a buɗe murfi, kuma ita ce ta ƙarshen cirewa. Bututun lodi ya kai har gindin tanki domin kada man ya riƙa fantsama daga sama, a fara a hankali har sai man ya rufe bakinsa. Bayan an gama, a dakata na tsawon lokacin da ƙa'idar defo ta tanada kafin a zura sandar awo, domin cajin da ke saman man ba ya sauka nan take ko da motar na haɗe da ƙasa. Mafi haɗari shi ne a zuba gas ko kananzir a ɗakin tankin da ya ɗauko fetur a lodin baya ba tare da an tsabtace shi ba, domin tururin tsohon kaya yana nan, sabon kuma yana shigowa da caji.

Ƙannena masu sayen man janareta da masu sayarwa a bakin titi, ku sauke jarka ƙasa kafin a cika ta, kada a cika ta a cikin but ko a bayan a-kori-kura mai shimfiɗar roba, kuma bakin famfo ya riƙa taɓa bakin jarkar har a gama. Wanda ke shan mai kada ya koma cikin mota ya goga jikinsa da kujera sannan ya fito ya kama famfo. Idan ya zama dole, ya fara dafa ƙarfen motar nesa da bakin tanki. Wanda fetur ya jiƙe wa riga ya matsa daga wurin, ya jiƙa ta da ruwa kafin ya tuɓe, domin tuɓewar kanta gogayya ce. A ganina, duk mai aiki kusa da mai ya fi dacewa da tufafin auduga.

Masu gyaran waya da kwamfuta a Computer Village na Ikeja su ma abin ya shafe su, domin wasu ƙananan sassan na'ura suna lalacewa da ƙasa da bolt 100, wanda mai gyaran ba zai ji komai ba. Igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu a haɗa da ƙasa ba ta da tsada.

Ina roƙon shugabannin direbobi da iyayenmu sarakunan Hausawa na unguwanni su sa a karanta wa yaran mota wannan bayani kafin hazon bana ya sauko. Allah Ya tsare ku a kan hanya da wurin lodi, Ya sa albarka a nema.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Edmonton.