Garin kabon naitirayid daga takin yuriya: gwaji na uku

'Yan'uwa masu koyo, sai a karo na uku na samu garin kabon naitirayid, wani gari mai ruwan ɗorawa da ake samu idan aka gasa takin yuriya a kasko, a makerar maƙwabcina a wani ƙauye kusa da Kura.

Karon farko na bar yaron makera yana ta zuga wuta, da na buɗe kaskon ban tarar da komai ba. Abin yana fara lalacewa ne idan zafi ya haura digiri 600 na ma'aunin Salshiyas. Karo na biyu tsoro ya sa na rage gawayi, sai na samu farin dunƙule mai tauri, bai nuna ba. Da na aro ma'aunin zafi mai waya na riƙe wutar a wajen digiri 550 har awa uku, da murfi a kife amma ba a liƙe ba, sai ga shi ya fito sakayau kamar auduga. Giram 20 na yuriya bai ba ni ko giram ɗaya cikakke ba, yawancinsa hayaƙi yake tafiya. Hayaƙin amoniya ne da wasu iskoki masu cutarwa, don Allah a fili za ku yi, ku tsaya ta inda iska ke tahowa, a kori yara.

Abin da ya ja ni gare shi, babu ƙarfe a cikinsa, kabon ne da naitirojin da ɗan haidirojin, kuma yana shan hasken rana ɓangaren shuɗi, har wajen nanomita 460 a ma'aunin tsawon zangon haske. A 2009 masu bincike a Jamus da Japan suka nuna yana iya fitar da haidirojin daga ruwa da hasken da ido ke gani. Ni kuwa ruwan da marina ke zubarwa ne a raina, ko garin zai iya kashe launinsa a rana.

Na gwada da shuɗin metilin, wani rini da na jiƙa a ruwa, kuma a nan nake so ku kula. Kofi uku na jera: ɗaya da gari a ɗaki mai duhu, ɗaya a rana babu gari, na uku a rana da gari. Na duhun ya ɗan dushe, domin garin yana tsotse launi a jikinsa. Na ranar ma ya ragu shi kaɗai. Da kofi ɗaya na yi, da na jingina wa garin aikin da ba nasa ba. Na ukun ne ya kusa komawa fari kafin la'asar.

Sati mai zuwa zan tace garin in sake amfani da shi, in ga ko ƙarfinsa zai ragu. Wanda ya gwada da melamin (wani farin sinadari) a maimakon yuriya a cikinku, nawa ya samu daga giram 20?