Kafin ka sayi caja don motar tsere, lissafa wat tukuna

Yawancin masu sayen caja don motar tsere mai rimot lamba ɗaya suke dubawa a jikin kwali, wato amfiya. Da sun ga 10A ko 12A, shi ke nan an gama ciniki. Alhali lambar da ke yanke hukunci tana can gefe da ƙananan haruffa: wat. Caja ba za ta ba ka amfiyar da aka rubuta mata ba sai wat ɗinta ya kai.

Lissafin ba wuya. Sel ɗaya na batirin LiPo (nau'in batirin lithium), wato ƙwaya ɗaya daga cikin waɗanda aka haɗa a batirin, 3.7V ne, idan ya cika ya kai 4.20V. Batirin 2S, wanda motocin 1/10 (masu kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske) suka fi amfani da shi, sel biyu ne, cikarsa 8.4V. Motocin 1/8 kuwa 4S suke ci, cikarsa 16.8V. Cajin da ba ya wahalar da batir shi ne 1C: ka raba mAh ɗinsa, wato yawan wutar da yake ɗauka, da 1000, abin da ya fito shi ne amfiyar da za ka saita. Batir mai 5000mAh zai sha 5A, ya cika cikin awa ɗaya da ɗan ɗori. Wat shi ne volt (V) sau amfiya: yanzu ninka 8.4 sau 5, ka samu wat 42. Ƙaramar caja mai wat 50 irin iMAX B6 ta ishe shi.

To ɗauko 4S mai 6500mAh. 16.8 sau 6.5 wat 109 ke nan. Ka haɗa shi da waccan caja mai wat 50, ko 3A ba za ta cika ba idan batirin ya kusa cika, kuma za ka zauna jira sama da awa biyu. Cajar lafiyarta ƙalau, iyakar ƙarfinta ke nan. Idan batirinka ya yarda da 2C, wato ninkin 1C, kuma kana son cika shi tsakanin zagaye da zagaye na gasa, ninka wat ɗin sau biyu, sannan ka ƙara kamar kashi 20 cikin 100 don kada cajar ta riƙa aiki a ƙurewar ƙarfinta tana ɗaukar zafi. Caja mai baki biyu kuma, a duba da kyau: idan an rubuta wat 200, na kowane baki ne, ko rabawa suke yi?

Akwai cajar da ake sawa a soket kai tsaye, akwai wadda sai da na'urar ba da wuta ta daban mai wutar DC, 12V ko 24V. Ta farko ta fi sauƙin ɗauka, sai dai da yawansu wat ɗin da suke bayarwa a soket bai kai wanda suke bayarwa a wutar DC ba, kuma babbar lambar ake bugawa a kwali. Mai 2S ɗaya ko biyu bai da buƙatar wahalar da kansa. Mai batiran 4S da yawa, mai na'urar wuta daban ce tasa.

Sai maganar balans, wato daidaita cajin kowane sel da na sauran, wadda a ganina cajar da ba ta da shi ba ta cancanci a haɗa ta da LiPo ba. Ƙaramin filogi fari, JST-XH, mai waya uku a 2S da biyar a 4S, shi ke ba caja damar ganin kowane sel shi kaɗai. Ba tare da shi ba, caja jimla kawai take gani. Sel ɗaya na iya kaiwa 4.30V ɗayan yana 4.10V, jimla 8.4V, cajar ta ce an cika lafiya. Wanda ya wuce ƙa'idar shi ke kumbura. A duba ƙarfin balans ɗin ma, domin idan ya yi rauni, caji zai kai ƙarshe amma cajar ta ƙi kammalawa, tana jan minti ashirin ko talatin tana daidaita sel.

Daidaiton awo ma abin dubawa ne. A gasanni da dama ana auna batir kafin a hau fili, kuma iyakar 2S ita ce 8.40V. Cajar da ke wuce gona da ɗan kaɗan za ta sa a mayar da kai. Gwada ta da mita mai kyau ranar da ka saye ta. Jabun B6 sun cika kasuwa, kuma a nan ne asirinsu ke tonuwa.

Tsarin ajiya, wanda ake zaɓa a caja idan za a ajiye batir, yana kai kowane sel wajen 3.80V zuwa 3.85V. LiPo da aka bari cike na kwanaki yana rasa ƙarfi, wanda aka bari ya sauka ƙasa da 3.0V kuwa sau da yawa ya tafi ke nan. Ƙananan cajoji da wat 5 zuwa 10 suke sauke wuta, don haka sauke cikakken batir na iya cin awanni. Gara a zagaya da motar ta ci wutar tukuna. Cajar da ke nuna turjiyar cikin sel da miliom (ma'aunin turjiya) ta fi, saboda sel ɗin da lambarsa ta yi nisa da ta sauran ya fara gajiya.

Mai batirin NiMH, wani nau'i daban da LiPo, sel shida 7.2V, cajarsa wata hanya take bi: tana jiran ƙarfin wutar ya kai ƙololuwa ya ɗan sauko, sai ta tsaya. A saita wannan saukowa wajen 3mV zuwa 5mV a kowane sel. Hatsarin yana wurin kuskuren zaɓi. Ka caja LiPo a tsarin NiMH, cajar za ta yi ta tura wuta tana jiran saukowar da ba za ta zo ba, har batirin ya kama wuta. Zaɓen tsarin LiHV, nau'in LiPo mai cika a 4.35V, ga LiPo na yau da kullum shi ma hatsari ne.

Filogi kuwa ka tabbata ya dace da na batirinka, ko XT60, ko Deans, ko EC5. Batiran gasa masu ƙwarya mai tauri ramuka ne da su na 4mm ko 5mm, da ƙaramin 2mm na balans, kuma babu abin da zai hana ka sa jar waya a ramin baƙar. Fara haɗa wayar da caja kafin batir, don kada bakunan da ke tsirara su taɓa juna. Batirin ya huce kafin caji, ya shiga jakar da ba ta cin wuta, a ɗora shi kan siminti ko tayil, kai kuma kana wurin har cajar ta yi ƙara.