Alhamis, ranar rataye zane-zane

Zariya, tsakiyar hunturu. Saura kwana biyu a buɗe baje kolin ƙungiyarmu, kuma yau ne aka ware don rataye aiki. Zane 26 na mutum tara, a wani tsohon sito da aka ba mu aro a Sabon Gari.

Da hantsi aka fara da karɓar kaya. Kowane zane sai an rubuta sunan mai shi, faɗi da tsawo, irin fentin, farashi, da duk wani tabo ko ƙarzuwa da ya zo da shi, a ɗauki hotonsa gaba da baya, mai shi ya sa hannu. Wasu na ganin ɓata lokaci ne, amma faɗan da ke raba irin wannan ƙungiya ba ya wuce "a hannunku ya yage" da "nawa aka sayar".

Uku daga cikin manyan zanen sun zo a karkace, in ka jingina su da bango kusurwa ɗaya sai ta ɗaga. Kafintanmu ya duba ya ce, "Yaya, wannan katakon ɗanye aka haɗa shi tun damina." Gaskiyarsa. Katako na shan danshi a Agusta, iskar hunturu ta zuƙe shi a Disamba, ya murɗe, mahaɗar kusurwa ta buɗe baki. Duk firam ɗin da ya wuce mita ɗaya yana bukatar sanda a gicciye ta baya. Biyu sun miƙe bayan an ƙara musu sandar, na ukun sai da aka cire yadin gaba ɗaya aka sake ɗaura shi a wani katakon. Wajen ɗaurawa daga tsakiyar kowane gefe ake fara buga sitefula, gefe da kishiyarsa, a tafi a hankali zuwa kusurwa. In aka fara daga kusurwa, tamoji zai taru a tsakiya. Wanda yadinsa ya ɗan saki kawai, an fesa masa ruwa kaɗan ta baya aka bar shi ya bushe a inuwa, ya ɗame.

Akwai wani na wata ɗaliba da fentinsa ya fara tsattsagewa. Matsalar daga shimfiɗa ce. Nan yawancinmu fentin bango na ruwa muke haɗawa da farin gam na kafintoci mu shafe yadin kafin zane, don na kanti tsada gare shi. Yana yi, amma sai an shafa siriri sau uku, kowane shafi a gicciye da na baya, a bari ya bushe, a goga sanfefa mai laushi. Ita sau ɗaya ta lafta da kauri, gam ɗin kuma ya yi kaɗan, sai shimfiɗar ta zama kamar alli. In gam ya yi yawa kuma, fuskar ta yi santsi, fenti ya ƙi kamawa. An rataye shi haka nan, can nesa da ƙofa inda kafaɗa ba za ta goge shi ba.

Lissafin ratayewa shi ne inda aka fi yin kuskure. Tsakiyar kowane zane muke so ta zauna a santimita 150 daga ƙasa, daidai idon mai kallo, don haka aka ja zare a wannan tsayin daga wannan ƙarshen bangon zuwa wancan, aka daidaita da lebur na magina. Ɗauki zane mai tsawon 90. Rabinsa 45, a haɗa da 150 ya zama 195, nan ne samansa zai tsaya. Sai a ja wayar bayansa sama da yatsa har ta ɗame, a auna daga nan zuwa saman firam. In 12 ne, ƙusa za ta shiga a 183. Wanda ya auna wayar tana sake, zanensa zai sauka ƙasa da na maƙwabcinsa, kuma ido na gani nan take. Bangon bulo ne da filasta mai ƙarancin siminti, ƙusa ɓare shi take yi, dole sai an huda da inji an sa fulogin roba da sukuru. Masu nauyi sukuru biyu, don kada su riƙa karkata duk lokacin da aka buga ƙofa.

Lokacin abinci gardama ta tashi kan wa zai samu bangon da ke fuskantar ƙofa. Wani malami cikinmu ya tuna mana cewa a garin nan ne ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Shekara uku kacal ƙungiyar ta yi, amma ra'ayinsu na a haɗa dabarar zanen Turai da fasahar gida har yau ana cin moriyarsa. Ni abin da ya fi burge ni tsarin ruangrupa ne, ƙungiyar masu fasaha ta Jakarta a ƙasar Indonesiya da aka kafa a 2000, wadda ta jagoranci babban baje kolin documenta a Kassel ta Jamus a 2022. Sunan tsarinsu lumbung, wato rumbun shinkafa na gari, kowa ya zuba, mai bukata ya ɗiba. Namu rumbun injin huda bango ne, da tsani, da fitilu, da kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka sayar. Manyan gidajen sayar da zane sukan ɗauki har rabi. Bangon ƙofa dai ƙuri'a ta raba.

Bayan la'asar aka koma kan haske. Tsayin rufin daga ƙasa mita uku ne, don haka kowace fitila an ja ta wajen santimita 85 zuwa 90 daga bango, hasken ya sauka a karkace kamar digiri 30. In ta matsa kusa, saman firam ya jefa inuwa kan zanen. In ta yi nisa, mai kallo ya ga inuwar kansa da ƙyallin fentin mai. Ƙwayayen duk LED ne, iri ɗaya, don in aka gauraya mai fari da mai ɗorawa, shuɗi ɗaya sai ya fito kala biyu. Ayyukan takarda da wani yadi da aka rina da baba an kai su ɓangaren da rana ba ta shiga, domin haske na koɗar da su, kuma launin ba ya dawowa. An tabbatar gilashi bai taɓa takarda ba, akwai kwali a tsakani.

Ƙura ce ba mu gama da ita ba. An toshe tagogin gabas da jarida da tef, an yayyafa ruwa kafin shara, an hana kowa goge zane da jiƙaƙƙen tsumma, sai busasshen buroshi mai laushi. Janareta an kai shi bayan gini saboda hayaƙi, amma wayar ta gaza da kusan mita huɗu. Takardun bayani na gefen zane ma ba a buga ba, don mutum biyu har magariba ba su yanke sunan da za su sa wa ayyukansu ba. An ba su zuwa ƙarfe tara na safe.