Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takardar da Ke Cikin Adakata

Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta da maganar da ta wuce "labarin zuciya a tambayi fuska." Da ita ta rene mu. Ita kuma ta faɗa mini ranar da Yaya ya tashi zaune, kwana biyu bayan an ɗinke masa hanjin da taifot ya huda. Ya nemi kunu aka hana shi, ya yi murmushi. Goggo har ta aika gida a raba wa yara sadakar waina.

Ni kuwa a lokacin shekarata ta shida ke nan a ɗakin gwajin jini na asibitin, kuma da hannuna na juya jininsa a injin. Akwai sinadarai biyu, ALT da AST, da ke zaune cikin ƙwayoyin hanta. A jinin mai lafiya ba su cika wuce 40 ba. Idan ƙwayar cuta ta bi jini, ƙarfin bugunsa ya faɗi, hanta ta rasa rabonta, sai ƙwayoyin su farfashe su zubo da abin da ke cikinsu, tun kafin ido ya yi rawaya. Na Yaya sun haura dubu. Na sake gwadawa, hannuna na rawa. Haka dai.

Na ɗauki takardar na hau sama da gudu. Likitan da ke bakin aiki ko zama bai ce in yi ba. Ya ce jinin ne ya lalace wajen ɗiba, a bari sai zagayen safe. Ni za a gaya wa lalataccen jini? Wanda ya lalace ruwansa ja yake fitowa kamar zoɓo, kuma wasu sinadaran daban, LDH da fotasiyam, yake tayarwa, ba ya kai ALT dubu. Ruwan jinin Yaya kuwa garau yake. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko fitsarinsa a auna." Ya ce, "Malama, ke aikinki bututu ne."

Wannan kalmar ta bututu har yau tana ci na. Ranar bikin autata, shekaru da yawa bayan haka, mutumin nan ya biyo abokai, ya gaishe ni bai gane ni ba. Na amsa, na sa aka kai masa abinci.

Na dawo wurin Inna a baranda, ta dubi fuskata ta yi shiru. A kaina maganarta ta yi aiki, ba a kan Yaya ba. Da asuba jakar fitsarinsa ko rabin kofi ba ta tara ba, ƙoda ta bi hanta. Kafin la'asar numfashi ya fara gagara.

Sai daga baya, a wani kwas, na ji labarin ma'aunin SOFA da su Farfesa Vincent na Beljiyam suka fitar a 1996, wanda ake bin sassan jiki shida kullum a ba kowanne maki: huhu, hanta, ƙoda, ƙwaƙwalwa, zuciya da daskarewar jini. Ina zaune ina lissafa na Yaya a bayan littafina, hawaye na ɗiga.

Takardar tana nan cikin adakata, ƙarƙashin zanen da Inna ta bar mini. Matarsa ba ta taɓa ganinta ba. Mako mai zuwa zan faɗi yadda Kawu ya hana ni kai ƙara, da abin da ya raba ni da gidansa shekara tara.